Farin Ɗigo A Zuciyar Ɗan Tayi: Abin Da Takardar Hoton Ciki Ke Nufi

Ran nan bayan lisha ina zaune a gida sai wayata ta yi ƙara. Da na duba sai na ga wani ƙanena ne, ɗan kawuna, wanda ke noma da 'yar tireda a garin Ibeto, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja. Ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya ce, "Yaya, an ce abin da ke cikin iyalina yana da ciwon zuciya." Na tambaye shi wane likita ne ya gaya masa haka. Ya ce ba likita ba ne, takarda ce ta faɗa.

Ga yadda al'amarin ya kasance. Matarsa, yarinya 'yar shekara 24, tana da ciki na biyu, wata biyar. Suka shiga mota zuwa Kwantagora, suka je wani ɗakin ɗaukar hoton ciki, irin wanda mata ke kira sikanin. Mai ɗaukar hoton ya shafa mata mai a ciki, ya yi ta goga na'ura, can sai ya tsaya wuri guda, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa wani abu a jikin allo. Suka yi 'yar magana da Turanci, ya rubuta takarda ya miƙa musu, ya ce su kai wa likita, sa'an nan ya kira mai bi musu. A kan hanyar komawa gida sai wani mai ilmin boko da ke cikin motar ya taimaka ya karanta musu, ya ce dai ga sunan zuciya nan a rubuce, ga kuma batun wani farin tabo. Kafin mota ta tsaya a Ibeto farin tabo ya zama rami a zuciya. Kafin gari ya waye kuwa magana ta kai ga yin aiki a ƙasar Indiya. Sa'ad da ƙanen nan nawa ya kira ni har ya riga ya sa an yi wa bijiminsa na huɗa kuɗi, mahaifiyarsa ta aika a haƙo saiwoyi, ita kuwa mai cikin kwana biyu ke nan ba ta sa wa bakinta abin kirki ba.

Na ce ya ɗauki hoton takardar da waya ya aiko mini. Abin da ke rubuce bai taka kara ya karya ba. Akwai haruffan boko guda uku, watau E.I.F., sa'an nan an ce ɗigo ɗaya ne, a ɓangaren hagu na zuciya, sauran gaɓoɓin da aka duba kuma lafiya lau. Da gari ya waye na kai wa wata likitar mata da na sani, na kuma zauna na karanta abin da ƙwararru suka rubuta a kan wannan batu. To, da ya ke yanzu da wuya a sami babban gari a Arewa da babu ɗakin sikanin, kuma irin wannan takarda za ta yi ta shiga gidaje, na ga ya kamata in shimfiɗa wa masu karatu abin da na samo.

YADDA NA'URAR KE GANI

Da farko ya kamata a san cewa na'urar nan ba ta ɗaukar hoto kamar yadda kyamara ke yi, ba ta kuma aiki da irin hasken da a ke duba ƙashi da shi in mutum ya karye. Da sauti ta ke aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutse ya ƙwala kira ya san muryarsa kan komo masa, abin da mu ke kira amsa-kuwwa. Haka na'urar ke yi. Takan aika sauti cikin jiki, mai siririn amo ƙwarai, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, domin kunnenmu ba ya kama sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda, alhali na duba ciki yakan kai kaɗawa miliyan 3 zuwa miliyan 5. In sautin ya ci karo da wani abu sai ya komo, na'urar ta auna ƙarfinsa da lokacin da ya ɗauka, ta zana hoto a allo.

Wani malamin likita mai suna Ian Donald, na Jami'ar Glasgow a ƙasar Sikotland, shi ne ya shigo da wannan dabara cikin aikin duba mata. Ya aro ta ne daga na'urar da ma'aikatan masana'antu ke neman tsaga a cikin ƙarfe da ita, kuma a shekarar 1958 shi da wani likita John MacVicar da wani injiniya Tom Brown suka buga bayanin aikinsu a mujallar likitoci ta Lancet.

Abin lura shi ne yadda launuka ke fitowa a allon. Ruwa ba ya mayar da sauti, wucewa ya ke yi ta cikinsa, saboda haka jini da fitsari da ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki duk baƙi su ke fitowa. Tsoka da hanta da makamantansu toka-toka. Abu mai tauri kamar ƙashi, wanda ke mayar da sauti da ƙarfi, shi ke fitowa fari fat. Ashe ke nan in an ce an ga fari a zuciyar ɗan tayi, ma'anarsa ita ce sauti ya daki wani ɗan wuri mai tauri ya komo. Rami kuwa, in da akwai shi, giɓi ne baƙi za a gani a jikin bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Mutumin nan na cikin mota da ya fassara farin tabo da rami ya juya maganar ne gaba ɗaya, ko da ya ke da kyakkyawar niyya ya yi.

TURKE DA IGIYA

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na saman su ke karɓar jini, na ƙasan su ke tunkuɗa shi, na dama zuwa huhu, na hagu zuwa sauran jiki. Tsakanin kowane ɗakin sama da na ƙarƙashinsa akwai ƙofa mai ƙyaure, wanda ke buɗewa jini ya gangara, ya kuma rufe don kada jinin ya koma baya. To, don kada ƙarfin jini ya banƙare ƙyauren ta baya, sai aka ɗaure shi da wasu siraran igiyoyi, su kuma igiyoyin suna ɗaure ne a jikin wasu 'yan tsokoki da ke tsaye a cikin ɗakin ƙasa, kamar dai turken da a ke ɗaure akuya. A duk bugu guda na zuciya, turakun nan sukan ja igiyoyin su riƙe ƙyauren daidai.

Farin ɗigon da mu ke magana a kansa a jikin ɗaya daga cikin turakun nan ya ke. Ɗan sinadarin kalsiyam ne, wanda shi ne ke sa ƙashi da haƙori tauri, ya taru a wurin kaɗan. Girmansa bai wuce milimita 2 ko 3 ba galibi, watau kwatankwacin ƙwayar gero, a cikin zuciyar da ita kanta a wata na biyar ba ta fi kan babban yatsan hannu girma ba. Kusan tara daga cikin goma a ɗakin ƙasa na hagu a ke ganinsa. Yakan yi ta motsi tare da ƙyauren yayin da zuciyar ke bugawa, sau 110 zuwa 160 a minti guda kamar yadda ya ke ga kowane lafiyayyen ɗan tayi. Ba ya toshe hanyar jini, ba ya hana ƙyaure rufewa, ba ya raunana bugun zuciya, ba ya kuma yi wa yaro zafi. Sau da yawa in aka sake dubawa a watannin ƙarshe ba a ganinsa. Wani lokaci kuma a haifi yaro da abinsa, ya girma ya yi guje-guje da tsalle-tsalle, ba wanda zai taɓa sani.

Babu hannun uwa a cikin wannan. Ba wani abu ta ci ba, ba aikin wahala ta yi ba, ba kuma baki ko sammu ba ne. Na jaddada wannan ne domin da zarar an ji sunan kalsiyam sai wani mai kaifin basira ya ce a hana mai ciki shan nono da ƙwayoyin da aka ba ta a wurin awo. Wannan kuskure ne mai haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a riƙa bai wa masu ciki ƙarin kalsiyam a wuraren da abincinsu bai wadata da shi ba, don yana rage aukuwar hawan jinin nan da ke kai mace ga jijjiga. Har wa yau babu wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da ke wanke ɗigon, kuma ba ya bukatar a wanke shi.

Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba. Ita kanta na'urar tana iya ƙirƙiro ɗigon. In mai aiki da ita ya ƙara mata haske fiye da kima, ko ya hango zuciyar ta wata kusurwa, tsokar da ba ta da komai sai ta yi ƙyalli. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce ba a kiran abu da wannan suna sai haskensa ya kai na ƙashin ɗan tayin, kuma an gan shi ta fuska fiye da ɗaya.

TO, ME YA SA A KE RUBUTA SHI?

Mai karatu na iya tambaya, in abin ba ciwo ba ne, don me likitoci su ke ɓata tawadarsu a kansa? Amsar tana cikin tarihi. A shekarar 1987 ne wasu likitoci a Amurka suka fara bayyana ɗigon a rubuce. A shekarar 1995 kuma wasu ƙwararru a birnin Boston, cikinsu har da Bryann Bromley da Beryl Benacerraf, suka duba mata 1,334 masu ciki. A cikin 'yan tayi 1,312 da aka tabbatar ba su da larurar Down, 62 na da ɗigon, watau kusan kashi 5 daga cikin 100. A cikin 22 masu larurar kuwa, 4 ne ke da shi, watau kashi 18 daga cikin 100. Daga nan aka fara lissafa ɗigon cikin 'yan alamun da ke sa likita ya ƙara buɗe ido.

Ita larurar Down sunan wani likitan Ingila ta ci, John Langdon Down, wanda ya siffanta ta a 1866. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu ƙunsoshin gado guda 46 da a ke kira kuromozom, an jera su biyu-biyu, rabi daga uba rabi daga uwa. A shekarar 1959 masu bincike a Faransa suka gano cewa masu wannan larura guda 47 gare su, domin a jeri na 21 uku ne a maimakon biyu. Irin waɗannan yara sukan yi jinkirin zama da tafiya da magana, koyonsu a hankali ne, kuma kusan rabinsu a kan haife su da matsalar zuciya ta haƙiƙa. 'Ya'ya ne kamar na kowa, masu son mutane, kuma inda aka kula da su sukan yi karatu gwargwadon iyawarsu, su yi sana'a, su kai shekara 60. Abin takaici ne a ce har gobe akwai inda a ke ce wa irinsu 'yan ruwa, a ɓoye su a ƙuryar ɗaki. A nan Nijeriya, wani bincike da Farfesa Adeyokunnu ya yi a Asibitin Koyarwa na Ibadan, aka buga a 1982, ya sami yaro 1 mai larurar a cikin kowace haihuwa 865.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi da waɗannan alkaluma, don a ga nauyin ɗigon da idon basira. Mu ɗauka ga mata 10,000 masu ciki, an yi wa kowace hoto. Bisa ƙididdigar Ibadan, kimanin 12 ne ke ɗauke da yaro mai larurar Down. A cikin 12 ɗin nan, waɗanda za a ga ɗigo a zuciyarsu ba za su wuce 2 ko 3 ba. A cikin sauran dubu tara da ɗoriya masu lafiya kuwa, in muka ɗauki kashi 4 daga cikin 100, kimanin 400 za a ga ɗigon a zuciyarsu. Ke nan takardu wajen 403 za su fita da haruffan nan uku, 400 daga ciki na yara ne da babu abin da ya same su. Su ma ukun da suka rage, sau da yawa ba ɗigon kaɗai a ke gani a jikinsu ba, akwai wasu alamun tare da shi. Sa'an nan tara daga cikin yara 12 masu larurar ba su da ɗigon sam. Alamar da ke nuna mutum 400 marasa ciwo, ta kuma bar yawancin masu ciwon su wuce, ai ba alamar da za a sayar da bijimi a kanta ba ce.

Haka su ma ƙwararrun suka gane daga baya. Matan da aka yi binciken farko a kansu, mata ne da tun asali a ke zaton cikinsu na da haɗari. A shekarar 2013 wasu likitoci a London ƙarƙashin Farfesa Kypros Nicolaides suka tattara bincike 48 suka auna, suka ga cewa in ɗigon shi kaɗai ne, ba wata alama tare da shi, kusan bai canja lissafin komai ba. A Ingila an fi shekara goma da umartar masu ɗaukar hoton ciki na asibitocin gwamnati su ɗauki ɗigon a matsayin bambancin halitta kurum, kamar yadda wani ke da tawadar Allah a kumatu wani ba shi da ita. A shekarar 2021 kuma ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da ciki mai haɗari ta fitar da jagora cewa, matar da aka riga aka gwada jininta aka ga ba alamar larurar, in an ga ɗigon shi kaɗai, ba ta bukatar wani ƙarin gwaji, ba ta bukatar hoton zuciya na musamman, jaririn ma ba sai an bi shi da bincike ba bayan haihuwa. An kuma lura cewa ɗigon ya fi yawa a wasu jinsunan mutane, musamman mutanen Asiya, ba tare da larurar ta fi yawa a cikinsu ba.

INDA YA KAMATA A TSAYA A DUBA

Amma fa kada a ce na ce a yayyaga takarda a zubar. Duk maganar nan a kan kalma guda ta rataya, watau ɗigon ya kasance shi kaɗai. Wanda zai iya tabbatar da haka kuwa sai wanda ya san aikin, ya kuma zauna ya bi jikin ɗan tayin gaɓa-gaɓa, tsakanin mako na 18 da na 22. Zai auna kaurin fatar ƙeya, domin in ta kai milimita 6 alama ce mai nauyi. Zai duba ƙashin hanci ko ya fito, da ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa ko ya yi yawa, da hanji ko ya yi haske irin na ƙashi, da tsawon ƙashin cinya da na dantse, da ƙoda. Uwa-uba zai duba ginin zuciyar kanta, ɗakunan huɗu da bangayensu da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta. In an ga ɗigo tare da ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, to magana ta canja, sai a tura mace inda ƙwararru su ke, kamar asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika ta Zariya da na Aminu Kano a Kano.

Abu na biyu shi ne shekarun uwa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, da ya ke a ƙasarmu mata da yawa suna haihuwa har su haura shekara 40. Yarinya 'yar shekara 20 zuwa 25, yiwuwar ta haifi mai larurar Down ba ta kai 1 cikin 1,000 ba. A shekara 35 ta kai wajen 1 cikin 350, a shekara 40 wajen 1 cikin 100, a shekara 45 kuwa wajen 1 cikin 30. Ko da mutum ya yi tsanani ya ce ɗigon ya ninka haɗarin sau biyu, matar ƙanena tana nan a wajen 1 cikin 500, watau 499 na gefen lafiya. Mace 'yar shekara 42 kuwa, da ɗigo ko ba ɗigo, ta cancanci likita ya zaunar da ita da maigidanta ya yi musu bayani.

Akwai gwajin jinin uwa da ke iya nuna larurar tun daga mako na 10. Ya samo asali ne daga binciken wani masani ɗan Hong Kong, Dennis Lo, wanda ya gano a 1997 cewa ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ɗan tayi na yawo a cikin jinin uwarsa, aka kuma fara amfani da gwajin a asibitoci a 2011. Sai dai yana da tsada, kuma a manyan birane irin su Legas da Abuja a ke samunsa. Akwai kuma ɗibar ruwan mahaifa da allura, wanda shi ne ke yanke hukunci, amma yana da ɗan haɗarin ɓari, don haka likitan kirki ba zai kai mace gare shi ba saboda ɗigo guda kurum. Ga matar ƙauye, abin da ke hannu shi ne shekarunta da kuma hoto mai kyau a hannun wanda ya iya.

Ciwon zuciya na haihuwa, na gaskiya, yana nan, kuma ba kaɗan ba ne, domin kusan jariri 1 cikin 100 a kan haife shi da wata matsala a ginin zuciyarsa. Waɗanda ya kamata a yi wa cikinsu hoton zuciya na musamman su ne mace mai ciwon sukari, da wadda ta taɓa haihuwar yaro mai ciwon zuciya, da wadda ita ko mijinta aka haife su da shi. Bayan haihuwa kuma, jaririn da leɓɓansa ko harshensa ke yin shuɗi, ko ya ke numfashi da sauri, ko ya riƙa yin gumi da gajiya in yana shan mama, ko ya ƙi ƙiba, a gaggauta kai shi asibiti ko da hoton cikinsa bai taɓa nuna komai ba.

LAIFIN TAKARDA KO NA BAKI?

A ganina mai ɗaukar hoton nan bai yi laifi ba da ya rubuta abin da ya gani. Inda ya gaza shi ne da ya bar mutum biyu suka fita daga ɗakinsa da takardar da ba su iya karantawa, bayan sun gan shi yana nuna allo da yatsa. Minti biyu sun isa ya ce musu da Hausa, ga ɗan abin da na gani, ba ciwo ba ne, a kan gan shi a mace huɗu ko biyar cikin ɗari, ku dai nuna wa likita. Na san layi na da tsawo, na san wuta na iya ɗaukewa, injin kuma na shan mai. Duk da haka bayani yana cikin aikin da aka biya kuɗinsa. Tun 1987 Nijeriya ke da hukumar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoton asibiti, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi mai ɗakin sikanin ko yana da rajista, haƙƙin hukumomin lafiya na jihohi ne kuma su riƙa zagayawa suna duba waɗanda ke sayen na'ura su kafa allo a bakin titi.

Mu ma da namu. Da yawa daga cikin masu zuwa sikanin abu guda ke kai su, a gaya musu mace ce ko namiji. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta bayar a 2016, ta ce kowace mai ciki ta sami hoto sau ɗaya kafin mako na 24 ne domin a san ainihin kwanakin cikin, a gane ko tagwaye ne, a kuma hango naƙasa in akwai. A nan ne kuma ta ce mace ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas kafin ta haihu. Duk wanda ya raka iyalinsa, ya tambayi watannin cikin, ya tambayi inda mabiyiya ta kwanta, domin in ta tare bakin mahaifa haihuwa a gida na iya zama ajali. In an ambaci ɗigo, ya tambaya ko shi kaɗai ne, ko an duba sauran gaɓoɓin, ko ginin zuciyar daidai ya ke. Kada ya tashi daga kujera sai an amsa masa da harshen da ya ke ji.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan al'amari shi ne yadda tsoro ke sauka inda bai kamata ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ke rasa rayukansu. Kashi 57 daga cikin 100 na masu ciki ne suka je awo sau huɗu ko fiye, kashi 39 kacal suka haihu a asibiti. Abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, ga ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna share musu hanya. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ƙyalli a allo har ya ba mutum tsoro. Awon hawan jini, da gwajin jini da fitsari, da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓi, da allurar sarƙe-haƙora, da gidan sauro, duk kuɗinsu bai kai na ƙafar bijimi guda ba. Saiwoyin da a ke jiƙa wa mai ciki kuwa, ba wanda ya auna ƙarfinsu, kuma akwai masu tayar da naƙuda ba lokacinta ba.

Da na gama tattara bayanin nan na kira ƙanena na karanta masa dalla-dalla, na ce ya sa wayar a kunnen mahaifiyarsa ita ma ta ji. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta tambaye ni ko na tabbata ba rami ba ne, na ce na tabbata, ta ce to a ajiye saiwoyin tukuna. Bayan kwana uku suka koma Kwantagora, wannan karo wurin likita. Aka sake duba cikin a tsanake, aka ce ɗigon na nan, shi kaɗai, ginin zuciya daidai, mabiyiya a inda ya kamata. Amma da aka gwada jinin uwar sai aka tarar ya yi ƙasa ƙwarai, ga kuma ƙwayoyin zazzaɓi a ciki, abin da ba wanda ya yi zancensa a gidan duk tsawon kwanakin nan. An ba ta magani, an ce ta komo bayan mako biyu a sake aunawa, an kuma gargaɗi maigidan cewa wannan haihuwa a asibiti za a yi ta.

Bijimin yana nan a turkensa. Ƙanen nawa ya ce ya ware buhu biyu na masara, ya kuma yi magana da wani mai mota a unguwarsu wanda ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare ne, domin bisa lissafin likita haihuwar za ta zo ne a tsakiyar kaka.